Aji a Tafin Hannu: Ɗalibin Jami'a da Karatun da Babu Mai Tsaya Masa a Kai

Ranar Litinin, 23 ga Maris, 2020, abu biyu suka haɗe wa ɗaliban jami'o'in gwamnati a Najeriya. Umarnin rufe makarantu saboda annobar korona ya fara aiki, kuma a ranar ce ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta mayar da yajin aikin gargaɗin da ta shiga tun 9 ga watan ya zama na sai baba ta gani. Daga harabar Samaru zuwa ta Kabuga, daga ta Dundaye zuwa ta Maiduguri, ɗalibai suka ɗaure jakunkuna suka nufi tasha. Hutun wata ɗaya aka ce, don haka da yawa suka bar katifa da risho da rabin littattafansu a ɗakin kwana. Sai ranar 23 ga Disamba ASUU ta janye yajin aikin, sannan Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sa 18 ga Janairu, 2021 a matsayin ranar komawa. Kusan wata goma ke nan ɗalibi yana zaune a gida.

Tun a farkon Afrilu ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci shugabannin manyan makarantu su ci gaba da koyarwa ta intanet. ASUU, ƙarƙashin Farfesa Biodun Ogunyemi, ta ce abin ba zai yiwu ba, domin malamai suna yajin aiki, kuma ko da ba sa yi, jami'o'in ba su da kayan aikin. Jami'o'i masu zaman kansu da dama sun koma Zoom da Google Classroom cikin 'yan makonni, na gwamnati kuwa suka yi tsit. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a wannan karon ko gorar ba a tanada ba.

An yi ta muhawara a kan laifin gwamnati da na malamai, an kuma yi ta lissafin kuɗin data da rashin wuta. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne yadda ɗaliban suka yi da waɗannan watanni. A unguwa ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya, za a samu wanda ya koyi zanen kwamfuta ko rubuta manhaja daga YouTube, da wadda ta sauke littattafan kwasa-kwasan zango mai zuwa ta karance su, da kuma wanda har aka koma makaranta bai zuge jakar da ya dawo da ita ba. Waya iri ɗaya suke riƙe da ita, wutar unguwarsu ɗaya, aljihun iyayensu bai bambanta sosai ba. Abin da ya raba su yana cikin ɗabi'ar karatu: wani ya saba ya tsara wa kansa abin da zai karanta yau, wani kuma bai taɓa buɗe littafi ba sai an ce akwai tes ranar Alhamis.

Ma'aunin shiri

Masana ilimi sun daɗe suna nazarin wannan ɗabi'a. A 1975 wani Ba'amurke masanin ilimin manya, Malcolm Knowles, ya fitar da ɗan littafi a kan mai neman ilimi da ke jan ragamar karatunsa. A bayaninsa, irin wannan ɗalibi shi ke gano abin da bai sani ba, ya sa wa kansa buri, ya nemo littafi ko mutumin da zai taimaka masa, ya zaɓi hanyar da zai bi, daga baya ya auna ko ya isa inda ya nufa. Knowles bai ce sai ɗalibi ya kaɗaita ba. Yana iya yin haka da taimakon malami ko abokai, amma shi ke fara motsawa.

A 2010 wasu masu bincike huɗu a Taiwan, Min-Ling Hung da abokan aikinta, suka tsara ma'aunin gane ko ɗalibin jami'a ya shirya wa karatu ta intanet, suka gwada shi a kan ɗalibai 1,051. Abu biyar suka auna: iya sarrafa kwamfuta da intanet, da ƙwarin guiwar yin tambaya ko bayani a rubuce a dandalin aji, da sha'awar karatun, da iya tsara karatun kai, da kuma iya riƙe kai yayin da ake kan intanet, wato kada saƙon aboki ko wani bidiyo ya ɗauke hankali daga darasi. Sakamakon ya cancanci a tsaya a kansa. Ɗaliban sun yi ƙarfi a harkar na'ura da sadarwa da sha'awa, amma sun yi rauni a biyun ƙarshe, tsara karatu da riƙe kai. Ba a ga bambanci tsakanin maza da mata ba. An dai ga cewa 'yan aji uku da aji huɗu sun fi 'yan aji ɗaya da aji biyu shiri.

Taiwan ƙasa ce da ke ƙera kayan cikin kwamfuta tana sayar wa duniya, wuta da intanet ba su ne damuwar ɗalibinta ba. Duk da haka a nan ne gizo ya yi saƙa. Ke nan ko da za a wayi gari an raba wa kowane ɗalibi a Kano da Sakkwato kwamfuta da data kyauta, rabin aikin kawai aka yi.

Darussan kyauta da manyan jami'o'in duniya ke sakawa a intanet sun ƙara tabbatar da haka. A 2019 Justin Reich da José Ruipérez-Valiente suka buga nazari a mujallar Science a kan kwasa-kwasan da Harvard da MIT suka saka a dandalin edX daga 2012 zuwa 2018. Sama da rabin waɗanda suka yi rajista ba su ko leƙa darasin farko ba. A shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018, kimanin kashi 3 cikin 100 ne suka kai ƙarshe. Amma a cikin waɗanda suka biya kuɗi don samun takardar shaida, kusan rabi sun kammala. Malaman nan suna cikin fitattun duniya, darasin kuma kyauta ne, sai dai babu wanda zai tambaye ka ina ka shiga jiya.

Gadon handawut

Ɗalibin da ke shiga jami'a a Najeriya yau ba baƙon na'ura ba ne. Tun 2015 hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, don haka kowa ya taɓa zama gaban allo ya danna amsa. Rajistar kwas da biyan kuɗin makaranta da duba sakamako duk ta intanet ake yi. Wanda ke iya tace bidiyo a TikTok, ya sayar da takalma ko turare ta WhatsApp, ba za a ce bai iya waya ba.

Matsalar ita ce irin karatun da ya taso a ciki. Tun daga firamare malami ke rubuta darasi a allo a kwafa, ya faɗi shafin da za a haddace, ya sa ranar jarrabawa. A sakandare aka ƙara masa da kundin tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO. Da ya zo jami'a sai ya tarar da handawut: 'yan shafukan da lakcara ya taƙaita, a kai shagon hoto a buga, a haddace a daren jarrabawa, a juye wa mai shi abinsa. Ɗalibai suna da sunan da suke kiran karatun kwana, TDB, wato har gari ya waye, kuma duk wanda ya taɓa ratsa ajujuwan jami'a da ƙarfe biyun dare a makon jarrabawa ya ga yadda suke cika maƙil, alhali a mako na uku na zango sai dai a tarar da kujeru. Tambayar da aka fi yi wa lakcara a ƙarshen kwas ita ce wane ɓangare ne zai fito.

Ba ragwanci ba ne. Mai iya kwana a zaune yana haddace shafi arba'in ba rago ba ne. Tsarin ne ya koya masa cewa wani ke yanke abin da za a karanta da lokacin da za a karanta shi, nasa kawai ya jira a faɗa. A harabar jami'a wannan jiran yana da abin jingina: jadawalin lakca, da abokin ɗaki da zai tashe ka, da takardar sa hannu, da kunyar a ga kujerarka babu kowa. Karatu ta intanet yana zare waɗannan duka a rana ɗaya, ya bar ɗalibi da waya a hannu, kuma a cikin wayar nan ne ƙwallon Turai da hirar abokai da finafinai suke, taɓawa ɗaya tsakaninsu da darasin.

Wuta, data, da wurin zama

Zalunci ne a ɗora wa ɗalibi komai. A 2021 Bankin Duniya ya ce 'yan Najeriya miliyan 85, kashi 43 cikin 100 na jama'ar ƙasar, ba su da wutar lantarki ta gwamnati. Waɗanda ke da ita ma sun san yadda take. Ɗalibi yakan kai wayarsa shagon mai caji ya biya, ya jira, lakca kuma ba ta jira. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya sa janareta ya fi ƙarfin gidaje da yawa, sannan a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100.

Awa ɗaya ta lakca da bidiyo tana iya lashe rabin gigabait ko fiye. A ninka wannan da kwas takwas ko tara a mako, za a ga dalilin da ya sa ɗalibai ke kashe kyamara, wasu kuma su shiga a ga sunansu su fita. Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, kafin kowa ya sake shiga an yi asarar kwata. Tsadar data ce ta sa da yawa suke jiran garaɓasar datar dare, su farka ƙarfe ɗaya su sauke abin da za su sauke. Yawancinsu kuma a waya suke karatun, kuma karanta littafi mai shafi ɗari uku ko duba jadawalin lissafi a allon da bai wuce tafin hannu ba aiki ne mai gajiyar da ido da zuciya.

Wani lokacin ma sabis ɗin ne ke ɗaukewa ɗungurungum. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a duk jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Makonni suka shuɗe mutane suna tafiya wata jiha don su yi waya. Ɗalibin da ke Gusau ko Ƙaura Namoda a lokacin, ko ya fi kowa himma, ba shi da hanyar tura aikin da aka ba shi.

Akwai kuma abin da ba ya shiga ƙididdiga, wato gida. A gidan Bahaushe wanda yake zaune yana kallon waya ba a ɗaukarsa mai aiki. Za a aike shi kasuwa, a ce ya kai ƙannensa Islamiyya, ya je ya tsare shago. Ga ɗaliba mace abin ya fi nauyi: girki, wanke-wanke, raino, ga baƙi. A makaranta tana da awoyin da kowa ya yarda na karatu ne, a gida kuwa sai ta nemi izinin kowace awa, ta kuma iya cewa Umma, ina cikin aji, alhali a gefen gado ake ganinta. Iya faɗin wannan magana da ladabi, da samun iyayen da za su karɓe ta, yana cikin shirin karatu ta intanet kamar yadda caji yake ciki.

Duk da haka, waɗannan matsaloli suna ƙara wa tsara kai muhimmanci ne. Inda wuta ke zuwa awa huɗu, wanda ya san abin da zai sauke kafin ta zo shi ke cin moriyarta.

Jami'ar da aka gina a kan wannan ɗabi'a

Karatu daga nesa ya girmi intanet a Najeriya. Tun zamanin mulkin mallaka mutane suke karɓar darasi ta gidan waya daga makarantu irin su Wolsey Hall da Rapid Results College a Ingila. Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke jikin naira goma, ya sami digirin falsafa na Jami'ar Landan a 1928 yana koyarwa a gida Najeriya. Obafemi Awolowo ma ta wannan hanya ya yi digirinsa na kasuwanci. A 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, kuma dubban malaman firamare a Arewa sun sami takardar Grade II da NCE ta hannunta: su koyar Litinin zuwa Juma'a, su karanta littattafan cibiyar da dare a gaban fitila, su haɗu da masu jagora a ƙarshen mako.

Babbar magajiyar wannan hanya ita ce Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ce ta kafa ta a 1983, gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta dakatar da ita a 1984, Olusegun Obasanjo ya farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000, kuma bayan ya sauka daga mulki ya zama ɗalibinta har ya karɓi digirin digirgir a fannin tauhidin Kirista a farkon 2018. Daga 2016 zuwa 2021 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ne ya shugabance ta. Tana da cibiyoyin karatu sama da ɗari a faɗin ƙasar, har da cikin gidajen gyaran hali, inda fursunoni ke karatu kyauta.

A NOUN babu lakcaran da zai kira suna kowace safiya. Ɗalibi yana sauke littafin kowane kwas daga shafin jami'ar, an raba shi kashi-kashi, kowane kashi da manufarsa da tambayoyin gwada kai. Akwai ayyukan auna fahimta da ake yi ta intanet a cikin zango, masu maki 30, sai jarrabawa mai maki 70. Yawancin ɗalibanta ma'aikata ne, da 'yan kasuwa, da jami'an tsaro, da matan aure, mutanen da suka san dalilin da ya kawo su. Wannan yana taimakawa ƙwarai, domin ma'aikaciyar jinya da ke neman digiri don ƙarin girma ba ta bukatar a tashe ta. Amma ko a nan tsohuwar ɗabi'a tana biyo mutane. A kewayen cibiyoyin akwai masu sayar da taƙaitattun bayanai da tsofaffin tambayoyi, akwai kuma shagunan intanet da ake biya su amsa wa ɗalibi aikinsa. Wanda ya bi ta nan zai iya samun takarda, amma ya tsallake ainihin abin da tsarin ke son ya koya masa.

Fagen kuma yana ƙara faɗi. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Maiduguri suna da cibiyoyin karatu daga nesa, kuma a 2023 gwamnatin tarayya ta ba wasu buɗaɗɗun jami'o'i masu zaman kansu lasisi, cikinsu akwai Miva a Abuja da Iconic a Sakkwato. Kowace shekara sama da mutum miliyan ɗaya da rabi ke zana jarrabawar JAMB, gurabe kuma ba sa isa. Da yawa daga cikin waɗanda za su shiga irin waɗannan jami'o'i nan gaba yara ne 'yan shekara 17 ko 18 da suka fito daga sakandare kai tsaye, ba manyan ma'aikata ba.

Abin da zaure ya riga ya sani

Wanda ya ce ɗan Arewa bai iya jan ragamar karatunsa ba bai zauna a makarantar zaure ba. Bayan sallar Asuba, ko tsakanin Magariba da Isha, malam yana kan buzunsa, ɗalibai sun kewaye shi, akwai tela, akwai ɗan kasuwa, akwai ma'aikacin gwamnati, wani ɗan shekara ashirin, wani ya yi furfura. Kowa da littafinsa. Wannan yana Ahalari, wancan ya kai Iziyya, na gefe yana tsakiyar Risala. Idan layi ya zo kanka sai ka ce Allah gafarta Malam, ka ja baƙi, malam ya fassara ya yi sharhi, ka tsaya inda ƙarfinka ya kai. Babu rajista, babu jadawalin zango, babu mai bin ka gida in ka yi fashi. Ɗalibi ne ke zaɓar malaminsa, kuma in ya ga fannin da yake nema ya fi ƙarfi a wani gari sai ya ɗaure kayansa: Zariya don nahawu da lugga, Gabas don Alƙur'ani. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, ƙaninsa Abdullahi kuma ya rubuta littafi sukutum a kan malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu.

Wannan tsari yana da kalmominsa na aiki. Muɗala'a ita ce ka duba karatun gobe tun yau, ka gano inda ya shige maka duhu kafin ka je gaban malam. Muraja'a ita ce komawa kan abin da aka wuce. Muzakara kuma ita ce zama da abokan karatu a yi ta jujjuya mas'ala. Abin da Knowles ya bayyana a 1975 ke nan, da sunayen da almajirai suka daɗe suna amfani da su.

Har karatu daga nesa an yi. A ƙarni na 19 Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, inda take koyar da manyan mata da ake kira jaji, waɗanda ake naɗa wa malfa, su kuma su koma ƙauyuka da waƙoƙin ilimi da suka haddace su koyar da matan da ba za su iya zuwa Sakkwato ko Wurno ba. Darasin gajere ne, mai sauƙin ɗauka, cikin harshen da mai sauraro ke ji, kuma akwai mutum a kusa da za a tambaya. A yau ma ɗalibin da ke kukan ba zai iya bin lakca ta intanet ba, sau da yawa shi ne ya saurari karatun littafi guda na wani malami daga darasi na ɗaya har na sittin a Telegram ko a memori, ba tare da kowa ya sa shi ba.

Sai dai a lura da abu guda. 'Yancin ɗalibin zaure ba kaɗaici ba ne. Kullum yana gaban malam, malam ya san inda ya tsaya jiya, kuma in ya yi tuntuɓe a kalma za a gyara masa nan take. Ragamar tana hannunsa, amma ido yana kansa. Yawancin abin da aka kira karatu ta intanet a jami'o'i bayan korona ya rasa wannan: a jefa fayil a zauren WhatsApp, a ce a karanta, sai ranar jarrabawa. Wannan ba sakar wa ɗalibi ragama ba ne, yasar da shi ne.

Inda abin ke tafiya

Da aka koma karatu a farkon 2021, jami'o'in Legas da Ibadan da Ilori sun gudanar da lakcoci da yawa ta intanet don rage cunkoso, wasu kuma suka haɗa biyun. A 2022 ASUU ta sake shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. A waɗannan shekaru ɗalibai suka ƙirƙiro dabarunsu, kuma abin da ya fi yi musu aiki ba shi ne mafi tsada ba. Wakilin aji ya zama ginshiƙi: shi ke buɗe zauren WhatsApp, ya karɓo fayil daga lakcara, ya tuna wa mutane ranar miƙa aiki. Saƙon murya na minti goma ya fi lakcar bidiyo ta awa ɗaya isa ga jama'a, domin 'yan megabait kaɗan yake ci, ana sauke shi lokacin da sabis ya samu, a saurara sau uku a kicin ko a cikin adaidaita sahu. Tutoriyal ɗin da manyan ɗalibai da ƙungiyoyi irin su ta ɗalibai Musulmi, MSSN, suka saba shiryawa a ajujuwa da yamma ya koma Telegram, inda mai bayani ke haɗa Turanci da Hausa har a gane. Shirye-shiryen sa kai irin na Arewa Data Science Academy, da ke koya wa matasa kimiyyar bayanai ta intanet kyauta, suna tafiya ne da aikin mako-mako da masu jagora da ke dubawa.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne ƙaramin rukuni, da wa'adi na kusa, da wani mutum da zai lura in ka ɓace. Ɗalibi biyar da suka yi alkawarin haɗuwa kowace Laraba da ƙarfe tara na dare, kowa ya zo da bayanin shafi goma, sun fi mutum ɗari biyar da ke zaure ɗaya babu mai cewa uffan.

Zuwan manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT tun ƙarshen 2022 ya ƙara fito da bambancin fili. Mai muɗala'a ya sami abokin muzakara da ba ya gajiya: ya tambaye shi, ya ce a sake bayani da misali, ya koma littafi ya tabbatar, domin manhajar tana kuskure kuma tana faɗinsa da cikakken ƙarfin hali. Wanda ya saba jiran handawut kuwa ya sami mai rubuta masa asaimen cikin daƙiƙa talatin.

Malamai ma suna da nasu uzurin. Lakcaran da ke da ɗalibi ɗari bakwai a kwas ɗaya, yana sayen data daga albashinsa, ba a taɓa horar da shi kan yadda ake tsara darasi don intanet ba, ba zai iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba. Amma akwai abin da ke hannun jami'a wanda ba ya bukatar biliyoyi. NOUN tana sa kowane sabon ɗalibi ya ɗauki wani kwas wanda kacokan a kan yadda ake karatu yake: tsara lokaci, ɗaukar bayani, karanta littafi mai wuya, shirya wa jarrabawa. Sauran jami'o'i ma sun daɗe suna da makamancinsa a aji ɗaya, kan amfani da laburare da dabarun karatu da kwamfuta. Sai dai galibi a babban ɗakin taro ake yin sa, mutum ɗaruruwa, wasu a tsaye a bakin taga, a ƙare da jarrabawar zaɓi ɗaya cikin huɗu.

Binciken Taiwan ya nuna 'yan aji ɗaya da aji biyu ne suka fi rauni, don haka wannan kwas shi ne wurin da ya dace a fara gyara. A raba sababbin ɗalibai rukuni-rukuni na mutum goma, a ba kowane rukuni ɗan aji uku ko aji huɗu ya jagorance shi, a saka masa da maki ko ɗan alawus. Kowane mako ɗalibi ya rubuta a waya abin da ya yi niyyar karantawa, ranar Juma'a ya dawo ya faɗi inda ya kai da abin da ya hana shi, ko wuta ce, ko aike, ko ƙwallo. A ba shi babi ɗaya da ba a koyar a aji ba, ya nemo bayaninsa da kansa, ya turo saƙon murya na minti uku yana yi wa 'yan rukuninsa bayani, su kuma su yi masa tambaya. Lakcara ya saurari goma daga ciki kowane mako, ya kira sunayen masu su a lakca ta gaba, ya gyara musu inda suka karkace.